Gargaɗi ga masu tsohuwar Marsandi SL: a kula da masu tallar bamba da salansa a intanet

Assalamu alaikum 'yan uwa masu riƙon tsofaffin motoci, musamman masu Marsandi SL ɗin nan mai ƙofa biyu da ake buɗe samanta, ƙirar R107, wadda Mercedes-Benz ya yi daga 1971 zuwa 1989. Akwai wani mai talla da ke zagaya zaurukan Facebook da WhatsApp na masu irin waɗannan motoci, yau da wannan suna, gobe da wancan. Cewa yake yana da bamba irin ta Turai, gaba da baya, da salansa ta sitenles tun daga wuyan inji har wutsiya. Don Allah kada wanda ya tura masa ko sisi. Ba shi kaɗai ba ne kuma, suna da yawa, hanyarsu dai ɗaya ce.

Sun san inda ke mana ƙaiƙayi. Mafi yawan R107 a Amurka aka sayar da su, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka iso hannunmu daga can suka fito. Dokar Amurka ta wancan lokaci ta ce dole bamba ta jure karo a gudun mil 5 a awa, kusan kilomita 8 ke nan, ba tare da fitilu da sauran kayan kariya sun lalace ba. Shi ya sa daga 1974 aka riƙa saka wa na can bamba mai kauri da ta zarto gaba da baya, yayin da ta Turai ta kasance siririya, manne da jikin mota. Duk wanda ya taɓa ganin su biyun gefe da gefe ya san wadda ta fi kyau. To ka je Ƙofar Ruwa a Kano, ka je Panteka a Kaduna, ka aika Ladipo a Legas, da wuya ka dace da cikakkiyar ta Turai mai lafiya. Dole sai intanet, a nan suke jiran mutum.

Kana rubuta cewa kana nema, sai wani ya faɗo maka da shawara: ai tuntuɓi wane, a wurinsa na sayi tawa, mutumin kirki ne. Mai shaidar da wanda ake yi wa shaidar mutum ɗaya ne, asusu biyu kawai ya buɗe. Zai turo hotuna masu sheƙi da ya kwaso daga shafukan gwanjo na ƙasashen waje, ya faɗi farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, sannan ya ce akwai wani da zai biya yau da yamma, sai dai in za ka ba da kafin alƙalami. Araha dai ba ta ado. Hanyar biyan da zai zaɓa kullum wadda kuɗi ba sa dawowa ce: katin kyauta, kuɗin kirifto, Western Union, ko asusun wani mutum dabam da zai ce wakilinsa ne. Bayan kwana kaɗan ga lambar bin sawun kaya, ga shafin wani kamfanin jigila da shi ya ƙirƙira da hannunsa. Daga nan sai saƙo: kaya sun maƙale a kwastam, a biya kuɗin fito, sai na inshora, wai za a mayar maka in kaya sun iso. Muddin kana turawa, dalilai ba za su ƙare ba. Ranar da ka tsaya ka yi tambaya, ranar zai toshe lambarka.

Abin da ya fi saurin tona masa asiri shi ne bai san motar ba. A tallarsa ya rubuta cewa salansar ta dace da kowace SL daga 1971 zuwa 1989. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. A cikin waɗannan shekaru an saka wa motar injina iri-iri. 280 SL da 300 SL masu fulogi shida ne a jere, su kuwa 350, 380, 450, 500 da 560 SL masu fulogi takwas ne, huɗu kowane gefe, hayaƙinsu ta ɓangare biyu yake sauka. Yaya bututu ɗaya zai zauna wa duka? Ga kuma SLC, 'yar uwarta mai rufaffen sama, wadda tazarar tayoyinta na gaba da na baya ta ɗara ta SL da santimita 36, don haka bututun tsakiya ba tsawo ɗaya ba ne. Na Amurka daga 1975 suna da tukunyar tace hayaƙi, na baya-bayan kamar 560 SL har da na'urar auna iskar da ke cikin hayaƙi, wadda ake ɗaurawa a jikin bututun. In babu ramin ɗaura ta, inji ba zai daidaita mai yadda ya kamata ba. Mai sayar da kayan gaskiya, kafin ya faɗi farashi, sai ya nemi lambar shasinka, domin lambobin farko ne ke faɗa masa motar: 107.042 ita ce 280 SL, 107.044 ita ce 450 SL, 107.048 ita ce 560 SL. Wanda ya karɓi kuɗinka bai tambayi wannan ba, ko dai ba shi da kayan, ko bai damu su shiga motarka ba.

Haka ma bamba. Ta Amurka a kan wasu ƙarafa masu shanye karo take zaune, masu lotsawa su dawo. Ta Turai a kan maɗaurai na ƙarfe zalla ake ɗaure ta. Wanda zai sauya, bayan ƙarfen bambar yana buƙatar maɗauran, da robar da ke zagaye ta, da notuna. Tambayi mai tallar ko maɗauran na ciki. Ɗan damfara zai ce eh nan take, domin eh yake ce wa komai. Ka ce ya nuna maka su, sai labari ya canza.

Akwai kashi na biyu da ni na fi jin haushinsu, masu turo kaya amma ba abin da aka biya ba. Za su ce sitenles 304 ne, wanda ke da kusan kashi 18 cikin 100 na kuromiyam da kashi 8 na nikel. Abin da zai iso ko baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankan sheƙi, ko sitenles 201 mai ƙarancin nikel, wanda damina ɗaya ko biyu ke fito masa da ɗigon tsatsa, balle a gari mai iskar teku. Maganaɗisu na taimakawa amma ba ya gama magana: yana manne wa baƙin ƙarfe da sitenles 409, ba ya kama 304 sosai, sai dai 201 ma ba ya kama shi. Shi 409 ba laifi ba ne a salansa, kamfanonin mota da kansu suna amfani da shi. Zaluncin shi ne a sayar maka da shi da sunan 304 da kuɗin 304. Sannan ramukan noti ba za su hau ba, mai walda ya yi ta yanka yana ƙari, wani har ya huda jikin motar da ta shekara arba'in ba a taɓa ta ba. Kuma salansar da aka haɗa da dabara tana yoyo a gaɓoɓi. Hayaƙin mota na ɗauke da iskar da ba ta da wari ko launi, tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kisa in ta taru a cikin mota. Wannan ya wuce maganar ado.

Ba ina cewa duk kayan da ba na kamfani ba jabu ne. Akwai masu ƙera bamba da salansa na gaskiya, kuma ko nasu sai bakanike ya ɗan daidaita, ya ɗaura komai sako-sako tukuna, ya ga layi ya miƙe, sannan ya ƙara wa notuna ƙarfi. Bambancin shi ne suna da adireshi, suna amsa tambaya, kuma ba sa gudun a gan su.

Don haka kafin ka biya kowa, ka kira shi ta bidiyo ya nuna kayan, ya juya bayansu, ya sa tef ya auna tsakanin ramukan noti kana kallo. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye a kan bambar ya ɗauka. Hotunan da ya turo ka saka su a Google Lens, sau da yawa za ka gan su a wata tsohuwar talla ta wata ƙasa. In ta PayPal za ka biya, ka zaɓi biyan kaya da ayyuka, wanda ke ba ka kwana 180 na shigar da ƙorafi in kaya ba su iso ba. Zaɓin PayPal na tura wa 'yan uwa da abokai ba shi da wannan kariya, shi ya sa suke nacewa a kansa. Kuɗin fito kuma ba a zuba shi a asusun wani mutum. In a cikin ƙasa yake, ka tura bakanikenka ya gani da idonsa, a biya bayan an gwada.

Wanda ya riga ya tura, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa yanzu, ba gobe ba, ya ajiye rasit da hirarsu da lambar asusun, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC, ya kuma sanar da shugabannin zauren su cire mutumin. Sannan ya shirya, domin ba da jimawa ba wani zai turo saƙo yana cewa zai iya ƙwato masa kuɗinsa in ya ba da ɗan wani abu na aiki. Su ne dai suka sake dawowa, kada a amsa musu.