Jirgin sama na rimot: wanne ya dace da mai koyo in kuɗin ba su da yawa?

Jirgin farko na mai koyo zai sha ƙasa, kuma ba sau ɗaya ba. Wanda ya san haka kafin ya zaro kuɗi ya rage wa kansa wahalar zaɓe, domin zai daina neman wanda ya fi kyau a ido, ya koma neman wanda zai faɗi a ɗauka a sake tayarwa, wanda kuma ake samun kayan gyaransa. Shi ya sa ƙananan jiragen yaƙin nan masu ƙyalli, irin su P-51 da Spitfire da masu siffar jet, ba na mai farawa ba ne, ko da an rubuta a kwali cewa yaro ma zai iya. Gudu gare su, fiffikensu a ƙasan jiki yake, da ka yi kuskure kaɗan sun juya sun nufi ƙasa kafin ka tuna wane yatsa za ka motsa.

Abin da za ka fara dubawa shi ne ƙira. Nemi mai fiffike a sama, wanda ƙarshen fukafukansa suka ɗan ɗago. Nauyin irin wannan jirgi a ƙarƙashin fiffike yake rataye, don haka in ka saki sandar rimot yakan miƙe da kansa. Sai wurin da farfela take. Mai koyo da hanci yake dira, kuma in inji da farfela suna gaba, su ne za su karɓi dukan. Mai farfela a bayan fiffike kuwa, soson da aka yi jikinsa da shi ne kawai zai lotsa. Shi ma soson iri biyu ne a kasuwa: EPP, mai lanƙwasuwa ya dawo, da EPO, wanda ya fi tauri da santsi amma yakan tsage. Dukansu ana liƙe su da gam. Na katakon balsa a bar wa gwanaye.

A kwali za ka ga 2CH ko 3CH ko 4CH, wato yawan abubuwan da rimot ke sarrafawa. Mai 2CH shi ya fi araha, kuma a nan ne karin maganar nan ta araha ba ta ado take tabbata. Yawancinsu injina biyu ne, ana juya jirgin ta hanyar ƙara wa ɗaya gudu, hawa da sauka kuma totur ne kaɗai. Abin wasa ne mai kyau ga ƙaramin yaro, amma ba ya koyar da tuƙi, iska kaɗan kuma ta ɗauke shi ya wuce katangar maƙwabta kana kallo. Mai 3CH yana da totur, da allon wutsiya mai juya shi dama da hagu, da wanda ke ɗaga hanci ko sunkuyar da shi. Mai 4CH ya ƙara da allunan gefen fiffike masu karkata jirgi. Uku sun ishi mai koyo. Huɗu ma ba laifi in akwai na'urar daidaita jirgi a ciki, wadda ke hana shi karkata fiye da kima.

In kuɗin a ƙirge suke, ƙananan jirage masu zuwa da komai a kwali ɗaya, waɗanda ake rubuta wa RTF, su ne mafita. Volantex Ranger 600 na gaba a wurina: faɗin fiffike santimita 60, 3CH, farfela a baya, jikin EPP, da makunni mai matakai uku, daga cikakken taimakon na'urar daidaitawa har zuwa kashe ta gaba ɗaya. Batirinsa ƙarami ne da ake caji ta USB, abin da ke da amfani a inda wuta ba ta zama, tunda ko da batirin cajin waya za ka cika shi a fili. WLtoys F949, mai siffar Cessna 182 da fiffike santimita 50, ya daɗe a kasuwa kuma kayan gyaransa ba sa wuya, sai dai farfelarsa a gaba take; in shi za ka saya, nemi F949S mai na'urar daidaitawa. Akwai kuma Volantex Sport Cub 500, mai 4CH, wanda farfelarsa ke ɓallewa ta fita in ya daki ƙasa maimakon ta karye, ka ɗauka ka mayar.

Aibin waɗannan duka ɗaya ne: ba su da nauyi. Jirgin da bai kai giram 100 ba ba ya jayayya da iska. A lokacin hunturu, da rana ta ɗaga iska ta taso, sai dai ka mayar da shi kwali. Da sassafe ko dab da magariba ne lokacinsu. Ƙananan injinansu masu buroshi ne, wato akwai sassa a ciki da ke gogar juna, suna cinyewa, ƙura kuma tana gaggauta mutuwarsu. Rimot ɗin da ke zuwa da su ma yawanci ba ya aiki da jirgin wani kamfani, ranar da ka girme su sai ka sake sayen wani.

Wannan ne ya sa wanda ya tabbata ba sha'awar mako biyu ba ce ya kamata ya yi tunanin hanya ta biyu: ya fara sayen rimot na gaske, kamar FlySky FS-i6X ko RadioMaster Pocket, ya haɗa shi da kwamfuta, ya yi ta faɗuwa a manhajar koyon tuƙi. PicaSim kyauta ce, RealFlight ta kuɗi. A nan ake koyon abin da ya fi ruɗa kowa, wato in jirgi ya juyo yana fuskantarka, damansa ta koma hagunka. Bayan nan sai a sayi babban jirgin soso mai farfela a baya, irin Bixler ko Sky Surfer masu fiffike wajen mita 1.4, ko FMS Easy Trainer 1280. Babban jirgi ya fi sauƙin gani daga nesa, ya fi natsuwa a iska, yana kuma ba ka lokacin gyara kuskure. Injinsa marar buroshi ne, yana daɗewa. Sai dai a lura, in an rubuta PNP, jirgi ne da inji kawai: rimot, da na'urar karɓar saƙonsa, da batir, da caja duk daban za ka saya, kuma in ka tara lissafin zai ninka kuɗin ƙaramin jirgi sau biyu ko uku.

HobbyZone AeroScout mai fiffike mita 1.1 yana tsakiya: farfela a baya, manyan tayoyi uku da ke jure fili mai gargada, da maɓallin da ke miƙar da jirgi in ka rikice. Jirgi ne mai kyau, amma kiransa mai araha sai a Amurka. In an rubuta BNF a jikinsa, sai da rimot mai jituwa da tsarin Spektrum yake aiki, kwalin RTF Basic kuma ba batir ba caja.

Batirin LiPo, wanda waɗannan jirage ke amfani da shi, yana son kula. Kowane sel nasa, wato ɗan batirin da ke cikinsa, ƙarfin lantarkinsa volt 4.2 ne in ya cika, ana ajiye shi a wajen 3.8 in za a daɗe ba a yi amfani da shi ba. Kada a bar shi cikin mota a zafin bazara, kada a sa shi caji a tafi masallaci ko kasuwa, wanda ya kumbura kuma ya gama aiki, domin yana iya kamawa da wuta. 'Yan kasuwar intanet da yawa ba sa aiko da batir shi kaɗai ta jirgin sama, don haka zaɓi kwalin da ke da biyu ko uku tun farko.

Kafin ka yi oda daga waje, bincika doka. A Najeriya hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ne ke da iko kan jirage marasa matuƙi, kuma kwastan na iya riƙe kayan da ba su da takardar izini. Sayen wanda ya riga ya shigo ƙasa yakan rage wannan ciwon kai. Nesa da filin jirgi, da bariki, da taron jama'a. Filin ƙwallo da ba kowa ko gonar da aka girbe sun wadatar, in mai wurin ya yarda.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, ni Ranger 600 zan ce, a haɗa da ƙarin batir biyu, da farfela, da inji guda na ajiya a oda ɗaya, domin jiran farfelar da ba ta kai kuɗin aikowarta ba na iya cin wata guda. A wurin oda kuma a tabbatar rimot ɗin Mode 2 ne, mai totur a hannun hagu, tunda shi ya fi yawa a hannun mutane kuma da shi ake yin yawancin bidiyon koyarwa.