Behringer XM8500 a kan piyanon lantarki: araha ba laifi, in an san kafar da za a jona shi

Ga mai son rera waƙa yana kaɗa piyano, XM8500 na cikin makirufo masu araha da ba sa ba da kunya. Nau'in dainamik ne, ba ya buƙatar batir ko wuta daga waje. Jikinsa ƙarfe ne, gindinsa na da haƙora uku irin na XLR, kuma yana ɗaukar sauti daga 50 zuwa 15,000 Hz, wanda ya ishi muryar mutum. Ta gaba yake ji, ta bayansa kusan kurma ne. A akwatinsa akwai maƙalin ɗora shi a sanda, amma babu waya, sai an saya daban. Ba shi da makunni a jiki, kuma hakan ya fi, domin makunnin makirufo mai araha shi ke fara lalacewa.

Muryarsa na da kauri a sautukan ƙasa, tana kuma fitowa fili a na tsakiya. In aka manna baki da shi sosai, kaurin kan yi yawa har kalmomi su dushe. Tazarar yatsu biyu zuwa uku ta fi dacewa. Makirufon Shure SM58 ya fi shi laushi a sautukan sama, ya kuma fi shi danne ƙarar riƙon hannu, amma mai piyano hannayensa biyu na kan madannai, makirufon na kan sanda, don haka wannan bambancin ba ya damunsa.

Abin da ke ba mutane wahala shi ne jonawa. Kafin a sayi komai, a leƙa bayan piyanon. In akwai kafa da aka rubuta MIC IN ko MIC INPUT, kamar a Yamaha DGX-670 ko Roland FP-90X da FP-E50, aiki ya yi sauƙi. Kafar ta milimita 6.35 ce, ana buƙatar waya mai macen XLR a gefe ɗaya, da filogi mai zobe baƙi guda ɗaya a ɗaya gefen, wanda ake kira TS. Mai zobe biyu, wato TRS, kama suke a ido, amma a wasu kafofin zoben tsakiya ba ya taɓa komai, sai murya ta fito siririya ko ta ƙi fitowa sam. Wayar XLR zuwa TS ba ta da kariyar da XLR zuwa XLR ke da ita, saboda haka kada ta wuce mita 3 zuwa 5. Da ta yi tsawo sai ta fara kwaso gurnanin wutar lantarki.

Kafar AUX IN ba ta makirufo ba ce, ko da an samu adaftar da ta shiga daidai. An yi ta ne don wayar salula ko kwamfuta, masu fitar da sauti mai ƙarfin kusan kashi ɗaya cikin uku na bolt. Makirufon dainamik kuwa abin da yake fitarwa bai wuce 'yan milibolt ba, yana buƙatar a ɗaga shi da desibel 40 zuwa 60. In aka soka shi a AUX IN, sai an ƙure ƙara za a ji wata 'yar murya cikin shuuu. Makirufon USB ma ba ya aiki: kafofin USB na piyano na kwamfuta ne da filashi. Shi kuma makirufon kondensa irin Audio-Technica AT2020 yana son wutar fantom ta bolt 48, wato wutar da ake tura masa ta cikin wayarsa, wadda kafar milimita 6.35 ba ta bayarwa, ga shi da kunne, har bugun madannai da taka feda yake ɗauka.

Piyano irin Yamaha P-45 ko Roland FP-10 ba su da kafar makirufo kwata-kwata. Nan sai ƙaramar miksa, wato na'urar haɗa sautuka, irin Behringer Xenyx 802 ko Yamaha MG06. Makirufo ya shiga layi na ɗaya da wayar XLR zuwa XLR, piyano ya shiga layin sitiriyo, miksar kuma ta fita zuwa sifika mai amfilifaya a ciki. Waɗannan piyano biyu ta kafar abin sawa a kunne kaɗai suke fitar da sauti, don haka ana buƙatar waya mai rabuwa biyu, hagu da dama, kuma da an soka ta sifikokin piyanon za su yi shiru. A bar ƙarar piyanon wajen rabi, in ba haka ba sautin zai fashe a miksa. A jona piyano da miksa da sifika a soket guda, hakan na rage gurnani.

Wajen kunnawa, a sauke ƙara gaba ɗaya, a jona waya, sannan a kunna piyano, sifika ce ta ƙarshe. A rera da ƙarfin da za a yi waƙar da gaske, ana ɗaga GAIN, wato abin murɗawa mai ƙara ƙarfin makirufo, a hankali har jar fitilar miksa ta fara ƙiftawa a wurin da murya ta fi ƙarfi, sai a ɗan koma baya. Ƙarar kuwwa mai tsaga kunne na zuwa ne idan makirufo ya ji sifika, ya mayar mata, ta sake dawo masa. Sifikokin wasu piyano sama suke kallo, daidai ƙarƙashin bakin mai waƙa, shi ya sa sanda mai hannu ta zama dole: a zuro ta daga gefe, kan makirufon na kallon baki daga ƙasa kaɗan, gindinsa na kallon sifika. In kuwwar ta ƙi tafiya, a rage amon da piyanon ke ƙara wa murya, a matso da baki maimakon ƙara GAIN. Kada a dunƙule kan makirufon da tafin hannu, domin toshe ramukan bayansa na sa ya ji ta ko'ina.

Ga atisaye a ɗaki, koyarwa, ko ƙaramin taro, XM8500 ya wadatar. Kuɗin da aka rage a kansa gara a zuba su a waya mai kyau da sanda mai nauyin gindi, wadda hannunta ba zai riƙa sunkuyowa kan madannai ana tsakiyar waƙa ba.