Ruwan farin inabi marar barasa da gasasshen giwan ruwa

A wani babban kanti a Birnin Kebbi na sayi wannan kwalba mai cin mililita 750, kuma sai da na daɗe a tsaye ina karanta rubutun da ke jikinta kafin na biya, domin a wurinmu tambayar farko kan duk abin da aka sarrafa daga inabi ita ce ko akwai barasa a ciki. Wannan matsattsen ruwan inabi ne da ba a bar shi ya tsimu ba, kuma yana ɗauke da lambar hukumar NAFDAC.

Farin inabi iri biyu aka haɗa, Chenin Blanc da Sauvignon Blanc. Na farkon asalinsa Faransa ne, ko da yake a yau Afirka ta Kudu ta fi kowace ƙasa noma shi, na biyun kuwa an san shi da kaifin tsami da ƙamshi irin na ciyawar da aka yanka da sassafe a damina. Duka biyun na ji su a kofi. Kurɓar farko tana zuwa da tsami mai kama da na ɗanyen mangwaro, sannan ƙamshin gwaiba ya biyo baya, zaƙin kuma bai kai rabin na lemunan kwalba da muka saba ba. Mahaifiyata ta ɗanɗana ta ajiye, ta ce, "Ɗan nan, wannan ai sai an ƙara masa sukari." Na fahimce ta, domin idan aka sha shi haka kawai yana da ɗan kaushi a harshe.

Darajarsa ba ta fito ba sai da aka kawo kifi. Mai ɗakina ta gasa giwan ruwa da aka kawo mana daga Argungu, garin da ake bikin kamun kifi a kogin Matan Fada tun 1934, ta shafe shi da citta da albasa da ɗan yaji. Giwan ruwa kifi ne mai tsoka da maiƙo, kuma bayan loma uku ko huɗu baki yakan yi nauyi; da na kurɓa sai tsamin ya wanke maiƙon da ƙarnin gaba ɗaya, har loma ta gaba ta dawo kamar ta farko. Haka ya yi da soyayyiyar ƙarfasa washegari.

Da kilishi bai yi ba, domin barkono ya danne ƙamshinsa, a nan zoɓo ya fi shi nesa ba kusa ba. Daddawar miyar kuka ma ba ta jitu da shi ba.

A sanyaya shi sosai, amma kada a jefa ƙanƙara a kofin, saboda tana narkewa tsamin yake salamcewa. Kuɗinsa ya fi ƙarfin shan kullum, don haka na ajiye kwalba ta biyu sai ranar da surukina zai zo daga Yauri da kifinsa.