Angar sukuru ta riƙe mana tudun tsalle, amma a canza ƙugiyoyinta

Ina aikin kula da wani tafki ne na masu wasan sulu a kan ruwa a kusa da Orlando, jihar Florida, kuma bana ne muka cire bulon kankaren da ke riƙe da tudun tsallenmu muka sayo saitin anga irin mai sukuru, wadda ake murɗawa cikin ƙasan ruwa. Gaskiya angar ta yi, sauran kayan da suka haɗo da ita ne dai sai a hankali.

Wanda bai san wasan ba, jirgi ne ke jan mutum da igiya mai mita 23, gudun jirgin na kaiwa kilomita 57 a awa ga maza, shi kuma sai ya yanko ta gefe da ƙarfi ya hau tudun ya tashi sama. Tsayin bakin tudun mita 1.5 ne ko 1.65 ko 1.8. Ryan Dodd ɗan Kanada ya yi tsallen mita 77.4 a 2017, to ka ga irin dukan da tudun nan ke sha, in ya goce ko da kaɗan ne lissafin mai tsalle ya ɓaci, kuma rai ake magana.

Matsalarmu da kankare ita ce ƙasan tafkin taɓo ne a sama, yashi a ƙasa, bulon sai ya riƙa ja a hankali duk lokacin da aka yi iskar damina, da safe ka zo ka ga tudun ya karkace ya daina daidai da ƙwallayen alama na kan ruwa da ke mita 15 da mita 19 daga gefen tudun, inda jirgi ke bi ta tsakaninsu. Ita kuwa ta sukuru, mai nutso ya sauka ya zura sandar ƙarfe a idonta ya yi ta murɗawa har ta huda taɓon ta kama yashi, daga nan ko gezau. Huɗu muka kafa wa tudun, kowace kusurwa ɗaya, muka gitta igiyoyin don kar ya riƙa juyawa. Aikin akwai wahala fa, ruwan na dagulewa baƙi ƙirin da an fara murɗi, da lalube ake komai, ga mutum ɗaya dole ya tsaya a jirgi yana duba kada.

Abin da ya ɓata min rai ƙugiyoyin ne wallahi. Masu sayar da angar sun rubuta ba sa tsatsa, kafin damina ta yi nisa sun yi jawur, ɗaya ma bakinta ya ƙi rufuwa, na taɓa ta da yatsa igiyar ta zame. Robar da ke barin ƙwallo ya bi ruwa in ya ƙaru ko ya ragu ita ma ta saki da wuri. Na kira kamfanin, wadda ta ɗauka ta yi magana da mutunci, amma sabbin da suka turo irin waɗancan ne dai, sai muka sayi namu masu kauri a shagon kayan jirgi.

In ƙasan tafkinku dutse ne kar ma ku ɓata kuɗinku, ba za ta shiga ba, ku zauna a kan kankare. In taɓo ne ko yashi ku saya, ku ɗauki mafi tsawo, amma dan Allah ku canza ƙugiyoyin tun kafin su shiga ruwa, kuma ku sa a auna muku wurin kowace anga da na'urar safiyo kafin a murɗa, don ciro ta ya fi kafa ta wuya.