Aikin masu feshin cinnaka a Jidda: abin da suka iya da inda suka gaza

Cinnakan da Larabawa ke kira samsum ya addabi gidajen layinmu a Jidda, har magidanta suka haɗa kuɗi aka ɗauko wani kamfanin feshin maganin ƙwari. A ganina aikinsu ya cancanci yabo, ko da yake da sauran gyara.

Wannan ƙwaro ɗan Afirka ne. Gustav Mayr, masani ɗan Ostiriya, shi ya fara bayyana shi a 1862 daga waɗanda aka samo a Sennar ta Sudan, yau kuwa ya bazu a Saudiyya da Katar da Daular Larabawa har kudancin Iran. Ƙasar tukwanen shuka da ake safara tana cikin hanyoyin da irin waɗannan ƙwari ke ƙetare iyaka, sannan ban-ruwan lambuna da yoyon famfo su ba su damshin da hamada ta hana su.

Ma'aikatan sun san da haka, kuma nan ne ƙwarewarsu ta fito. Ba su fara da feshi ba. Babbansu ya durƙusa yana bin sahun cinnakan tun daga bakin kicin har gindin bango, inda bututun na'urar sanyaya ɗaki ke ɗiga dare da rana, ya ɗaga tayil guda, sai ga gidansu baƙi ƙirin yana motsi. Can suka zuba magani, suka toshe tsagogin bango da siminti, suka ce a sauya wa ruwan hanya, domin muddin sarauniya tana raye a ƙarƙashin ƙasa, kashe na sarari ɓata kuɗi ne. Tun daga lokacin yara suka koma wasa a tsakar gida ba takalmi.

Kuɗin zuwa na biyu dai ba a faɗe shi tun farko ba, abin da bai yi wa kowa daɗi ba. Babban gibin shi ne ba su ce uffan ba game da harbin ƙwaron, alhali cinnaka bai san na gida ba, kuma dafinsa kan sa wasu kumburin fuska da maƙogwaro da sarƙewar numfashi cikin 'yan mintuna. Duk wanda ya ga haka ya kira motar asibiti a 997 nan take. Wanda zai ɗauko masu feshin kuma ya nemi a rubuta masa farashin zuwa biyu kafin a buɗe galan.