Hattara: Camry ƙirar 2008 suke yi wa kwalliya su sayar maka a matsayin ta 2010

Saura ƙiris ƙanena ya biya kuɗin mota ƙirar 2010 ya tuƙo ta 2008 zuwa gida. Lamba ɗaya tak ce ta cece shi, kuma wannan lambar an ɗora mata takarda a kai don kada ido ya kai wurin. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, saboda motar tana nan ana ci gaba da tallarta, kuma na tabbata ba ita kaɗai ba ce.

A Facebook ya ga tallan. Toyota Camry baƙa, hotuna fes, an rubuta ƙirar 2010, ba ta taɓa haɗari ba, mil 78,000 kacal a kan mita. Kuɗin ya ɗan yi ƙasa da na sa'o'inta, amma bai yi ƙasan da zai sa mutum ya tsargu ba. Da ya kira, mai motar ya ce akwai wani da zai zo da kuɗi washegari, in yana so ya tura kafin alƙalami a riƙe masa. Allah ya sa ya kira ni tukuna. Ya ce, "Yaya, in na yi sanya za ta wuce ni." Na ce masa ta wuce, ba sisin da zai fita sai mun gan ta da idonmu.

Mutumin ya ce shi sai da yamma yake samun sarari. Muka isa rana ta kusa faɗuwa, an wanke mota tana ɗigar ruwa, na ɗora hannu a bonet na ji shi da ɗumi. Waɗannan ukun duk ba haɗuwar sa'a ba ce. Hasken yamma da jiƙaƙƙen bodi suna ɓoye bambancin fenti, inji mai ɗumi kuma ba ya yin ƙara ko hayaƙin da zai yi in an tayar da shi da sanyin safiya. Daga waje dai ba abin da za ka ce. Bamba, ragar gaba, manyan fitilu, fitilun baya, duk na 2010 ne.

Na leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, inda ake manna lambar shasi, wadda ake kira VIN. Wata takarda a ninke tana kwance daidai kanta. Na ce, "Alhaji, a ɗan janye mana wannan." Ya yi dariya ya ce ai lambar tana cikin takardun mota, zai nuna mini. Na ce ta jikin motar nake so. Da ya janye, na sa yatsa na ƙirga daga hagu har gurbi na goma, sai ga 8.

Ga yadda abin yake. Tun 1981 lambar shasi gurbi 17 ce, kuma a motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na goma shi ne shekarar ƙira. 7 na nufin 2007, 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009. Daga 2010 aka koma haruffa: A ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, sai a tsallake I a tafi J don 2018. Ba a sa I da O da Q a lambar shasi ko kaɗan, saboda suna kama da 1 da 0, don haka in ka ga ɗaya daga cikinsu a takardar da aka miƙo maka, wani ne ya zauna ya ƙirƙiro ta. Camry da lambarta ta fara da 4T1 daga masana'antar Toyota ta jihar Kentaki a Amurka ta fito, wadda ta fara da J kuma daga Japan.

Mai motar bai ko girgiza ba. Ya ce a ƙarshen 2008 aka ƙera ta, sai a 2010 aka fara hawa. Wannan amsar ta nuna mini ya saba ba da ita. Shekarar ƙira ba ruwanta da ranar da aka fara hawan mota, kuma wadda aka haɗa a ƙarshen 2008 ma 9 za ta ɗauka, ba A ba. Na buɗe ƙofar direba don in ga takardar da masana'anta ke mannawa a jikin ginshiƙi, mai ɗauke da wata da shekarar da aka haɗa motar da kuma lambar shasin. An ɓare ta, sai sauran gam. Ta ƙarƙashin bonet, mai nuna girman inji, ita ma babu.

Abin da ya kasa ɓarewa shi ne sandar giya. A Camry mai silinda huɗu ta 2007 zuwa 2009, giyar atomatik mai hawa biyar ce, za ka ga D, 4, 3, 2, L a jere. Ta 2010 mai hawa shida ce, tana da gurbin S a gefe da alamar ƙari da ragi. Na nuna wa ƙanena, ya tsaya yana kallon 4, 3, 2, L kamar yau ya fara ganin lamba.

Wani zai ce, to mene ne a ciki, shekara biyu ce fa, kuma zubi ɗaya ne. Gaskiya ne daga 2007 zuwa 2011 zubi ɗaya ne, shi ya sa ma kayan gaban ɗaya ke hawa kan ɗaya ba wahala. Sai dai a tsakiyar zubin Toyota ta canja zuciyar motar. Ta 2007 zuwa 2009 tana ɗauke da inji mai lita 2.4, wanda ake kira 2AZ-FE, mai ƙarfin doki 158. Wannan injin ya yi suna da shan baƙin mai, saboda matsalar fistin da zobbansa, har Toyota ta tsawaita garanti a kansa a Amurka zuwa shekara 10 ko mil 150,000, wanda yanzu duk ya ƙare. Ma'aunin da ta sa a lokacin shi ne injin da ke shanye kusan lita ɗaya a mil 1,200. Ta 2010 kuwa inji mai lita 2.5 ne, 2AR-FE, doki 169, kuma daga shekarar ne na'urar da ke hana mota zamewa a kwana ta zama dole a kowane aji na Camry. Wanda ya biya kuɗin 2010 don gudun wancan injin, aka ba shi 2008, to an sayar masa da ainihin abin da ya gudu. Kuma da yake ya ɗauka yana da injin da ba ya shan mai, ba zai riƙa zaro sandar awo yana dubawa ba, sai ranar da fitilar mai ta kama a tsakiyar hanya. Bakanike ma yana iya bambance su daga ƙasa: matatar man 2.4 gwangwani ce da ake murɗewa gaba ɗaya, ta 2.5 kuwa murfi ake buɗewa a canja ta cikin.

Kada a fahimce ni a karkace. Camry 2008 ba mugunyar mota ba ce, akwai masu hawanta shekara da shekaru suna ƙara mata mai suna tafiyarsu lafiya. Sa wa mota sabuwar fuska ma ba laifi ba ne, motarka ce. Zambar tana wurin kiran ta da shekarar da ba tata ba a karɓi kuɗin wannan shekarar.

Irin wannan aikin ake yi wa zubin da ya biyo baya, na 2012 zuwa 2017. A 2015 Toyota ta sake wa na Amurka kusan duk bodin waje, rufin kaɗai ta bari, sai ya zama ta 2015 ta fi ta 2012 daraja nesa a ido. Masu kwalliya sukan canja gaba da baya su bar sauran. Injin a nan kusan ɗaya ne, amma na 2012 zuwa 2014 an san wasunsu da wata karkarwa daga giya in ana tafiya a hankali an ɗan taka totur kaɗan, kamar ka hau kwalta mai ƙuraje. Ba za ka ji ta a zagayen minti uku da mai mota ke zaune a gefenka yana ta surutu ba. Ka kashe rediyo, ka roƙe shi ya yi shiru, ka riƙe motar a matsakaicin gudu na ɗan lokaci.

Zubin 2018 zuwa 2024 ba ya kwalliyuwa daga tsohuwa, domin ƙashin bayansa daban ne, ya fi ƙasa-ƙasa, giyarsa hawa takwas. A can ƙaryar ta koma kan tarihi. A Amurka, guguwar Habi da ta nutsar da birnin Hustan a 2017 da ta Iyan da ta afka wa jihar Fulorida a 2022 sun jiƙa motoci masu ɗimbin yawa, kamfanonin inshora suka biya masu su suka tura motocin gwanjo da shaidar cewa sun lalace. Irin waɗannan ake busarwa, a canja kafet, a fesa turare. Ruwa ba ya kashe mota nan take, wayoyi da kwamfutocinta yake ci a hankali, bayan wata shida gilashi ya ƙi sauka, gobe fitilu su riƙa kamawa da kansu. Ka jawo bel ɗin kujera har ƙarshensa ka duba ko akwai layin datti, ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa, ka ɗaga tayar safiya ka shafa ramin da take ciki. Motar da turarenta ya yi yawa ni nan take nake zarginta.

Mu koma kan baƙar motar, domin shekara ba ita kaɗai aka taɓa ba. Mita ta ce mil 78,000, robar birki kuwa ta cinye har ƙarfe ya leƙo ta gefe, fatar sitiyari ta yi santsi, kujerar direba ta lotsa. Mil 78,000 ba ya yin wannan ɓarnar. Mutane suna ɗauka mita mai lambobin lantarki ba ta juyuwa, alhali ta fi tsohuwar mita sauƙin juyawa ga mai na'urar. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka ta ƙiyasta cewa motoci sama da 450,000 ake sayarwa duk shekara da mitar ƙarya a ƙasar kaɗai. In motar ta taɓa zama a Amurka, rahoton tarihi irin na Carfax yakan nuna mil ɗin da aka rubuta mata a lokuta daban-daban, amma kai za ka nema da lambar da ka kwafa da hannunka daga jikin motar. Hoton rahoton da mai sayarwa ya turo maka a WhatsApp na iya zama na wata motar. Ka kuma tambaya mil ne ko kilomita, don mil ɗaya kilomita 1.6 ne, kuma akwai masu faɗin lambar su haɗiye ma'aunin.

Abin da ya fi tayar mini da hankali na same shi ne a ƙarshe. Na murɗa makulli ban tayar da inji ba, duk fitilun gargaɗi suka kama kamar yadda ya kamata. A mota mai lafiya, fitilar jakar iska, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum in an yi karo, takan yi 'yan daƙiƙoƙi ta mutu da kanta ko ba a tayar da inji ba. Wannan ta ƙi mutuwa. Ina tayar da injin, sai ta ɗauke tare da fitilar mai a lokaci guda. Na maimaita sau biyu, haka. Wato an haɗa wayarta da ta fitilar mai don ta yi kamar tana aiki. Motar da aka yi wa haka, akwai yiwuwar jakunkunanta sun taɓa fashewa ba a mayar da su ba, an dai liƙe murfin. Sai a lokacin na gane dalilin sabon gaban. Tsohon ya tafi a karo, mai gyaran ya ga tunda dole ya sayi bamba da fitilu, gara ya sayi na 2010 ya ci riba biyu. Wannan ita ce motar da ƙanena zai ɗauki matarsa da 'ya'yansa uku a ciki.

Da na ce za mu dawo da safe da bakanikenmu da na'urar binciken kwamfutar mota, sai Alhajin ya ce ba sai mun wahala ba, ga wani bakanike nan kusa, ya san motar sosai. Lallai kam ya san ta. Bakaniken da mai sayarwa ya kawo, la'adarsa tana cikin cinikin. Kuma ko naka ka kawo, kada ya tsaya a cewa ba a ga matsala ba. Ana iya goge duk matsalolin minti biyar kafin ku iso. Ya duba ko gwaje-gwajen da kwamfutar ke yi wa kanta sun kammala, domin in an goge kwanan nan za su nuna ba su shirya ba, sai motar ta yi tafiya mai ɗan tsawo kafin su dawo.

Muka yi sallama. Muna tafiya ya biyo mu da ragi, har sau biyu, wanda zai zo da kuɗi washegarin ya ɓace daga zancen. Ƙanena bai ce uffan ba sai da muka yi nisa, sannan ya ce, "Yaya, wallahi na riga na rubuta lambar asusunsa."

Bayan kwana tara ya turo mini hoto. Motar ce, da ɗan tabon da ke ƙofar baya ta dama, an canja mata ƙafafu, an ɗauke ta a wani wurin, a wani shafin mai wani suna. Yanzu ƙirar 2011 ce, mil 64,000.