Minilogue ko Reface DX: wacce za ta ba ka kalangu da algaita?

Ƙanena, na ga tambayarka tun daren jiya, amma na dakata sai da na kunna na'urorin biyu da safen nan, don kada in faɗa maka abin da kunnena bai tabbatar ba. Ka ce piyanonka na Yamaha PSR yana fid da kai kunya a gidan biki, sai dai gangunan cikinsa babu mai kama da kalangu, abin busarsa kuma bai kai algaitar da kake ji ranar hawan salla a ƙofar fadar Sarkin Katsinar Maradi ba. Kana son ka gina waɗannan muryoyi da hannunka. An kawo maka na hannu guda biyu daga Kano, Korg Minilogue da Yamaha Reface DX, kuɗinka kuma na guda ne.

Idan kalangu ne ya hana ka barci, ka ɗauki Reface DX. Idan algaita ce da goge, Minilogue ce taka.

A ido kamar ƴan uwa suke, kowacce da ƙananan maɓallai 37, kowacce ka rataya ta a jaka ka hau babur. A ciki kuwa hanyar jirgi daban, ta mota daban. Minilogue, wadda ta fito a 2016, aikinta tankaɗe ne. Osileta biyu, wato sassan da ke haifar da sautin, suna zubo sauti mai kaushi, cike da ƴaƴan murya, sai ka tare shi da filta kamar rariya, ka rage abin da ba ka so. Tsarin da wata tsohuwar na'ura mai suna Minimoog ta yaɗa ke nan tun 1970. Reface DX, ta 2015, ba ta da wannan rariyar. Tana farawa da sauti fes kamar fito, daga opareta huɗu, wato nata sassan haifar da sauti, sai ka sa ɗaya ya riƙa girgiza ɗaya da saurin da kunne ba ya jin girgizar, sai dai ya ji muryar ta canza launi. Shi ake kira FM. John Chowning ne ya gano shi a jami'ar Stanford ta Amurka a 1967, Yamaha ta karɓi lasisinsa, ta fito da DX7 a 1983 mai opareta 6 da hanyoyin jera su 32. Reface tana da opareta 4 da jeri 12. Ni idan ina koya wa yara, wanda ake jin muryarsa ina ce masa mai magana, wanda ke girgiza shi daga baya kuma mai zuga.

To, kalangu. Fata ba ta rera sauti irin na tsirkiya. Tsirkiyar gurmi idan ta yi kuka, ƴaƴan muryarta suna jere ne a ninki biyu, uku, huɗu na uwar murya. Fatar ganga mai da'ira nata suna faɗawa wajen 1.59, 2.14, 2.30, ba su cika lissafi ba, shi ya sa kunne yake jin bugu maimakon waƙa. Minilogue an gina ta ne a kan cikakken ninki, sai ka yi mata dabara kafin ta kauce. FM kuwa nan ne gidanta. Ka zaɓi jerin da ya raba opareta biyu-biyu. A tagwayen farko ka bar ninkin muryar mai magana a 1.00, ka sa na mai zuga a 0.59. Lissafin FM tarawa ne da ɗebewa: 1 da 0.59 sun ba ka 1.59 daidai, ƙari na biyu ya ba ka 2.18, dab da 2.14 na fata. Ɗebewar kuma tana haifar da wani gurnani a ƙasa, wanda idan ya yi daidai yake kama da cikin kangon ganga, idan ya yi yawa ya zama laka. Don haka kada ka cika wa mai zuga ƙarfi, kuma ka sa shi ya mutu tun kafin mai magana: shi ya ɗauke cikin ƙiftawar ido, mai magana ya ja kamar rabin daƙiƙa.

Tagwaye na biyu na sandar kiɗa ne. Ka cire su daga bin maɓallai, ka kafe su a murya guda, ka ƙara wa mai zugansu fidbak, wato ya riƙa zuga kansa da kansa, har ya zama shuu, sannan ka gajarta shi ya zama ƙas kawai. Wannan kafewa ita ce abin da na fi ƙauna a na'urar nan. Makaɗi idan ya matse tsirkiyoyin kalangu a hammata, muryar fata ce ke hawa, ƙarar sanda tana nan inda take. A Reface, idan ka ja sandar lanƙwasa murya, tagwayen farko za su hau su sauka, kamar yadda abin yake a hannun mutum. Ka buɗe lanƙwasar ta kai rabin taki biyar ko bakwai, ka kuma sa EG na murya, wato abin da ke tsara tashi da faɗuwarta bayan an danna maɓalli, ya ɗan faɗo da sauri a farkon bugu, saboda fata tana ɗan ɗamewa lokacin da sanda ta sauka a kanta. Abu na ƙarshe, ka ba mai zuga jin ƙarfin yatsa fiye da mai magana, yadda bugu mai ƙarfi zai ƙara kaifi, ba ƙara kaɗai ba.

Duk wannan gini ne kawai, maganar tana hannun hagunka. Kalangu yana kiran sunan ɗan dambe ko kirarin sarkin fawa ne saboda Hausa tana da hawa da sauka da faɗuwar murya, shi kuma yana bin su. Ka bugi maɓalli guda, ka ja sandar bayan bugun, tun sautin bai mutu ba. Masu bin maɓallai daban-daban don su sauya murya, abin da suke samu marimba ce.

Na gwada irin wannan a Minilogue ba sau ɗaya ba. Ana ɗaukar sauti mai kusurwa uku a osileta ta biyu, a ɗan murɗa EG zuwa muryarta, a ƙara zugar da osileta ta farko ke yi mata. Yana bugawa, yana da nauyi a sono, amma EG guda ne filta da murya suke rabawa, kuma da ka ƙara zugar sai saitin murya ya fara gocewa. Abin da ke fita ganga ce ta lantarki mai daɗi. Wanda ya tashi da kalangu a kunne ba zai ce mata kalangu ba. Gurmi ma Reface ta fi kusa da shi: mai zuga a 1.00 ko 3.00, ya yi tsartuwa ya ɗauke, shi ke nan.

Da an zo abin busa sai lamarin ya juya. Algaita tana da bakin kara mai harshe biyu da jiki mai buɗewa zuwa ƙasa, ƴaƴan muryarta cikakku ne kuma duk suna nan, wato abin da sauti mai siffar haƙorin zarto na Minilogue yake bayarwa tun kafin ka taɓa komai. Ka sa ta a murya ɗaya, amma ka mayar da mamurɗin zurfin yanayin (Voice Mode Depth) zuwa sifili, in ba haka ba za ta ƙaro maka wata murya a ƙasa wadda algaita ba ta da ita. Ka ɗaga rezonans, wato ƙololuwar da filta take yi a daidai inda take yanka, zuwa tsakiya, ka nemi inda filta take ba da wannan hancin. Sannan ka kashe bin maɓallai na filta gaba ɗaya. Hancin algaita daga jikinta yake, ba ya tafiya da yatsun mai busa, saboda haka dole ƙololuwar filta ta zauna wuri guda ko wane maɓalli ka danna. Akwai wata ƙaramar rariya a ɓangaren amsa-kuwwa mai yanke ƙasan sauti. Ka bi da muryar ta cikinta ka zubar da kaurin. EG na ƙara kuma ka bar shi a cike muddin yatsa na kan maɓalli, tunda mai algaita yana tara iska a kumatu yana shaƙa ta hanci, busarsa ba ta yankewa. Ɗan santsi tsakanin maɓalli da maɓalli, wanda ke aiki sai ka haɗa su ba ka ɗaga yatsa ba, ya kammala aikin. Goge ma hanyar ke nan, da ɗan shuu na gashin doki a kansa da rawar LFO kaɗan, wato abin da ke sa murya karkarwa.

Reface tana iya algaita, idan ka sa mai magana a 3.00 ko 4.00, mai zuga a 1.00. Sai dai hancin yana bin maɓalli sama da ƙasa, kuma in kana son ka buɗe shi a tsakiyar kiɗa, sai ka shafi ƴan layukan taɓawa huɗu da ke gefen allonta. Da yatsa mai gumi a watan Afrilu, ba kullum suke jin magana ba. A Minilogue hannu kawai za ka kai ka murɗa.

Akwai wani abu da ba a cika kula da shi ba. Algaita da goge ba sa zama daidai a kan taki 12 na piyanon Turawa, wasu muryoyinsu a tsakani suke. Minilogue da aka sabunta wa manhaja zuwa ta biyu tana barinka ka gyara saitin kowace murya ka adana. Reface DX ba ta da wannan. Ka duba wace manhaja ke cikin wadda aka kawo maka.

Sai zaman Maradi. Reface tana cin batir AA guda 6, tana kai awa biyar, har da ƴan lasifikanta, don haka ɗaukewar kuran ba ta tsayar da kai. Minilogue sai da adafta. Ni a wani biki a hanyar Tibiri aka ta da gurup, wato janareta, ba a sanar da ni ba, tawa adaftar ta ƙone nan take, na yi sati uku kafin in sami mai dacewa. Tun ranar ba na jona ta sai ta bayan sitabilaiza. Minilogue analog ce, wato lantarki ne kai tsaye ke haifar da muryarta, tana saita kanta idan an kunna, amma zafi yana taɓa muryarta, gara ka kunna ta minti goma kafin a fara. Ƙurar hunturu kuma tana son mamurɗai, ita kuwa fuskarta duk su ne, sai ka riƙa lulluɓe ta. A wajen ajiya ta fi, tana riƙe sauti 200, Reface 32. A yawan muryoyi lokaci guda Reface ce gaba, 8 a kan 4.

Wajen koyo ba a haɗa su. Minilogue za ta koya maka sauti cikin sati guda, har da ɗan allon da ke zana maka siffar abin da kake ji. Reface za ta ci maka wata guda kana sauya lamba ɗaya komai yana rushewa. Duk da haka, da yake kalangu ka fara ambata har sau biyu, kuma aikinka na filin biki ne, ni Reface DX zan ce ka ɗauka, ka bar algaita sai kuɗi sun sake taruwa.

Kafin ka biya, ka buɗe gidan batir ka ga ko ruwan batir ya taɓa cinsa, ka danna maɓallai 37 ɗin ɗaya bayan ɗaya a hankali da kuma da ƙarfi, ka shafi layukan huɗu sama da ƙasa, ka ja sandar lanƙwasa ka ga tana komawa tsakiya da kanta. In ka saya, ka kawo ta situdiyo ranar Asabar bayan la'asar. Zan kira maƙwabcina mai kalangu ya zo da nasa, ya buga mu saurara, mu riƙa matsa 0.59 ɗin nan sama da ƙasa har ta zauna a kan fatarsa.